Ranar da Waziri Miƙdadu Ya Buɗe Madatsa

A can ƙasashen gabas, tun zamanin da sarauta take bin kaifin takobi, an yi wani birni mai suna Hirzana. A jikin dutse aka gina shi, kuma duk arzikinsa ruwa ne. Kogi ɗaya ne tak yake gangarowa daga tsaunukan da ke bayansa. Mutanen farko suka tare shi da madatsa a cikin ganuwa, suka haƙa wata babbar magudana mai zurfi da take bi ta ƙarƙashin ganuwar, ta kai ruwa filin Sabha, inda ƙauyukan manoma suke. Rijiyoyin filin nan duk gishiri ne, ko jaki ba ya sa musu baki. Saboda haka duk mai rai daga gindin ganuwa har bakin hamada, da ruwan madatsar nan yake rayuwa.

Mabuɗin madatsa a hannun Waziri yake zama. Haka waɗanda suka gina ta suka shar'anta, don kada wani mai takobi ya taɓa ruwan jama'a cikin fushi. Ma'aikatan madatsa gadon aikin suke yi, kuma sun yi rantsuwa ba za su ɗaga ƙofar ruwa ko su sauke ta ba sai sun ga Waziri a tsaye a kansu da mabuɗi a hannu.

Wazirin wannan zamani shi ne Miƙdadu ɗan Kumailu, tsoho mai ƙaramin jiki da sanyin murya. Ɗan Shi'a ne a fadar da sarakunanta da yawancin hakimanta Ahlus Sunna ne, amma ya shekara arba'in da 'yan kai yana shiga yana fita. Daga magatakardan madatsa ya fara, ya zama Ma'aji, ya yi jakadanci, sannan aka naɗa shi Waziri. Sarakuna huɗu ya yi wa aiki. Uku ya raka su makwanci, biyu daga cikinsu ma ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba, amma duk sabon sarkin da ya hau, idan ya waiwaya dama, sai ya tarar da Miƙdadu a zaune kamar da shi aka gina zauren. Fadawa sukan ce a ɓoye, ko fadar ce ta rushe, a ƙarƙashin ɓaraguzai za a same shi yana gyara rawani.

Ba a banza ya daɗe ba, haɗiya ya iya. Da sarki na biyu ya hana makokin Ashura a kan titi, Miƙdadu ya haɗiye, ya roƙo aka bar mutane su yi a cikin gidajensu. Da sarki na uku ya sa aka sare kan mijin ƙanwarsa bisa zargin tawaye, nan ma ya haɗiye, ya roƙo aka ba su gawa kuma ba a ƙone unguwarsu ta Makera ba. Kullum rabin abu yake cetowa. Mutanen fada suna yi masa kallon baƙo, 'yan'uwansa na unguwar Makera suna yi masa kallon wanda ya sayar da kansa, shi kuwa ya saba kwana tsakanin kallon biyu.

A shekarar da muke magana, Hubaira sarkin Tal'aza ya ƙetaro hamada da runduna mai yawan gaske, ya kafa sansani a filin Sabha, ya kewaye Hirzana tun farkon bazara. Hatsi ya fara ƙarewa a birni. Ran shida ga watan Muharram Sarki Gassanu ya tara majalisa. Gassanu saurayi ne, bai daɗe da hawa ba, kuma a gaban Miƙdadu aka yi masa suna.

Sarkin Yaƙi Muhallabu ne ya fara miƙewa, ƙato mai tabon sara a goshi. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Mun kai musu hari sau biyu, sau biyu muna dawowa da gawarwaki. Sun fi mu dawaki, sun fi mu mutane. Amma ruwan da suke sha namu ne. Daga madatsarmu yake fita, ta magudanarmu yake isa bakinsu. A rufe ƙofofin ruwa. Cikin wannan rana mai dafa ƙwaƙwalwa, ba za su yi kwanaki ba dawakinsu za su fara faɗuwa. Hamada ce a bayansu, ba su da wurin gudu."

Zauren ya ɗauki guna-guni na yarda. Sarki ya dubi Alƙali Sahnunu, wanda shi ne abokin Waziri tun suna samari, duk da bambancin mazhabarsu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, me shari'a ta ce?"

Alƙali ya shafa gemu, ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙiyin da ya zo da takobi a tare shi da abin da ya samu. Amma a filin nan akwai mata da ƙananan yara da ba su ɗauki makami ba, kuma talakawanka ne. Ni dai ba zan ce ya halatta ba, ba zan kuma ce birni ya zauna yunwa ta cinye shi ba." Malam ya ba kowa rabonsa, ya koma ya zauna, ya bar maganar inda ya same ta.

Sai Waziri ya yi gyaran murya. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Magudana ƙauyuka take fara ratsawa kafin ta kai sansanin Hubaira. Sojansa suna da salkuna da tuluna, kuma suna da takubban da za su ƙwace na manomi. Kafin dokin Hubaira ɗaya ya faɗi, an binne jarirai a Sabha. Su ne masu noma abin da birnin nan yake ci. A ba ni dama in aika wa Hubaira, na san abin da yake so, na san kuma abin da zai karɓa a madadinsa."

Muhallabu ya yi dariya ba ta jin daɗi ba. Ya ce, "Waziri, daina kewaye-kewaye. Ba noma ne ya dame ka ba. Duk wanda ke zauren nan ya san watan da muke ciki, ya san gobe bakwai ga wata, ranar da kuke cewa an hana Husaini ruwa a Karbala. Mu ma jikan Annabi ne a wurinmu, ba mu fi ku ƙin abin da aka yi masa ba, ba ku fi mu ba. Amma Hubaira ba Husaini ba ne. Za mu bar 'ya'yanmu su mutu da yunwa don kada hawayenka ya zuba?"

A shekara arba'in ba a taɓa jefa masa wannan magana a fuska a gaban sarki ba. Miƙdadu ya ji zuciyarsa tana tafasa, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Sarki Gassanu ya ce, "Baba Waziri, kai ka riƙe mahaifina, kai ka riƙe kakana. Ban taɓa ƙin shawararka ba. Yau kam na ƙi. Gobe da hantsi a rufe madatsa, kuma da hannunka, kamar yadda doka ta ce."

Miƙdadu ya yi lissafin da ya saba yi. In ya ƙi, kafin la'asar an tuɓe shi, an naɗa wani, a rufe ruwan duk da haka, kuma unguwar Makera ce za ta biya kuɗin taurin kansa. In ya yarda, yana nan kusa da kunnen Sarki, wataƙila bayan kwana ɗaya ko biyu ya roƙo a sassauta. Ya sunkuya ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Washegari ya hau madatsa da mabuɗi a hannu. Shugaban ma'aikata, wani dattijo mai suna Jundubu, ɗan unguwar Makera ne shi ma, ya dube shi ya ce, "Yau, Waziri? A cikin ranakun Allah duka, yau?"

Ya ce, "Ku sauke."

Sarƙoƙi suka yi ƙara, ƙofofin katako suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya fara taruwa a bayansu, rararsa tana zubewa ta wani kwazazzabo a bayan dutse inda ba mai amfana da ita. Kafin azahar magudana ta zama laka, kifaye suna tsalle a ciki. Jundubu ko sallama bai yi masa ba da zai sauka.

Rana ta buɗe wuta kamar an aiko ta. A kwana na biyu tsuntsaye suka baro fili suka cika madatsa, wasu suna faɗowa matattu a kan ganuwa. Masu duba suka ce alamar faɗuwar Hubaira ce. Tsofaffin mata suka ce tsuntsayen nan daga ƙasar Hirzana suke, ba daga Tal'aza ba. Daga kan ganuwa ana hango mutanen ƙauye suna tonon gindin magudana da hannu, sojan Hubaira suna korarsu da bulala suna gaje ramukan. Waziri ya je wurin Sarki ya roƙi a buɗe ko na ɗan lokaci ne, Sarki ya ce a ƙara haƙuri. Ya koma, aka ce masa Sarki yana ganawa da Sarkin Yaƙi, ba a shiga. Wannan ma bai taɓa faruwa ba.

Ran tara ga wata da la'asar ya koma gida ya tarar da ƙanwarsa Rababu a tsakar gida cikin baƙaƙen kaya. Ita ce wadda aka sare kan mijinta, kuma tun daga lokacin a gidansa take zaune da ɗanta Hani, wanda yanzu barde ne a rundunar Sarki. Ita take shirya zaman makoki na gidan duk shekara. A bakin ƙofa ta jera tuluna cike da ruwan sanyi, kamar yadda 'yan Shi'a suke yi a waɗannan ranaku don duk mai wucewa ya sha ya tuna ƙishirwar Karbala. Waziri ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, ta riga shi ta ɗauke.

Ta ce, "Yaya, wannan ruwan na masu ƙishi ne."

Ya ce, "Rababu, ki bar ni da abin da nake ji."

Ta ce, "Na bar ka shekara nawa? Da aka kashe uban Hani ka ce in yi shiru, ka ceto unguwa. Na yi shiru. Da aka kulle mu a ɗaka muna kuka kamar ɓarayi, ka ce gara haka da babu. Na yarda. To yau me ka ceto? Gobe za a karanta yadda aka tsaya a bakin kogin Furatu aka hana yara ruwa, kai kuma za ka zauna a sahun gaba kana dukan ƙirji. Idan aka zo tsine wa waɗanda suka tsare kogin, da wane baki za ka ce amin? Su ma fa umarni aka ba su, Yaya. Su ma suna da iyali."

Ya shige ɗakinsa, ya zauna a kan buzu, ya kasa ko buɗe littafi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganarta ta ƙarshe. Tun yana yaro yake jin labarin mutanen nan da suka tsare kogi, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa su ma sun yi irin lissafinsa ba.

Akwai alfarma ɗaya da ya samu tun zamanin sarki na biyu: ranar Ashura Waziri ba ya zuwa fada. Yakan kulle gidansa tun safe, ba ya fita, ba a aiko masa, sai washegari. Duk Hirzana ta san da haka, kuma shekara da shekaru bai taɓa saɓawa ba.

Da hantsin ranar goma, mai karatu ya fara, maza a zaure, mata a bayan labule. Bai yi nisa ba sai wani kuka ya rinjayi nasu, daga wajen ganuwa yake zuwa. Gidan Waziri a jikin ganuwa yake. Ya tashi ya hau soro ba takalmi, ya leƙa.

Matan Sabha ne, sun cika gindin ganuwa. Leɓunansu sun tsage, muryoyinsu sun dushe. Kowace ta ɗaga jaririnta sama da hannu biyu tana nuna wa masu gadi. Wasu jariran suna motsi, wasu kawunansu sun langaɓe. Wata daga cikinsu ta hango shi, ta gane shi, ta ce, "Waziri! In mu muka yi laifi, wannan me ya yi? Ku karɓe shi ku ba shi ruwa, ku bar mu mu mutu!"

Duk ɗan Shi'a ya san wannan tsayuwa da wannan roƙo, don a rana irin ta yau ake karanta yadda Husaini ya ɗaga jaririnsa yana neman masa ruwa. Miƙdadu ya yi kuka a kan labarin nan fiye da sau sittin. Yau ga shi a gabansa, kuma shi ne a ɓangaren masu ruwa.

Ko a wannan hali bai daina lissafi ba, tsohon hali ba ya barin mutum a rana ɗaya. Ya san ruwan nan kamar tafin hannunsa. Idan aka buɗe ƙofa ɗaya, busasshiyar ƙasa za ta shanye shi kafin ya kai ko'ina, kuma dogarai za su iso su hana. Idan aka buɗe duka a lokaci guda, ruwan kwana uku zai fita da gudu ya isa ƙauyuka nan da nan, mata su cika tuluna, sannan a rufe kafin ya kai sansanin Hubaira da ke can ƙarshen fili. Da tsakar rana zai yi, lokacin da kowa a birni ya fake a inuwa. Bayan haka Sarki ya yi abin da ya ga dama da wuyansa. Ya ɗauki mabuɗi, ya fita ta ƙofar baya, bai gaya wa kowa ba.

Abin da bai sani ba shi ne abin da aka ƙulla a ganawar da aka hana shi shiga. Muhallabu ya lura cewa magudanar da ta bushe ta zama hanya: rami ne mai zurfi, mai bango biyu, ya fita ta ƙarƙashin ganuwa ya bi ta gefen sansanin maƙiya, mahayi yana ciki ba a ganin ko tsinin mashinsa. Ya ce wa Sarki a bi ta nan a auka wa Hubaira da tsakar rana, lokacin da ƙishi ya fi gallabar mutanensa. Ya zaɓi ranar Ashura da gangan, don Waziri yana kulle a gida, ba zai ji ba balle ya kawo maganar sulhu. Sarki ya so a sanar da tsohon, Muhallabu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da zuciyarsa take wajen ganuwa ba a ba shi sirrin cikinta." Sarki ya yarda, ya kuma ce shi da kansa zai ja rundunar.

Saboda haka a lokacin da Waziri yake hawa matakalar madatsa yana haki, baraden Hirzana suna can ƙasa, bayan kwanar dutse inda ba a hangowa daga sama, suna shiga magudana biyu-biyu cikin sulke, an ɗaure bakin dawaki don kada su yi haniniya.

Jundubu ya ga Waziri ba rawani, ba takalmi, da mabuɗi a hannu. Ya ce, "Da izinin Sarki?"

Miƙdadu ya ce, "Rantsuwarku ba ta ambaci Sarki ba. Ga Waziri, ga mabuɗi. Ku ɗaga, duka."

Hawaye ya zubo wa Jundubu. Ya juya ya daka wa mutanensa tsawa, suka kama sarƙoƙi suna kiran sunan Husaini. Ƙofofi suka ɗaga. Ruwa ya fita da ruri, har dutsen da suke tsaye a kai ya girgiza. Miƙdadu ya tsaya yana kallo, feshi yana jiƙa masa gemu, ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa da rabonsa da shi tun yana saurayi. Wannan sauƙi bai kai tsawon sallar azahar ba.

Waɗanda suke ƙarshen layi ne suka fara jin ƙarar, suka waiwaya suka ga ruwa ya fi tsayin mahayi yana tahowa da itatuwa da duwatsu. Ba wurin juyawa, ba wurin hawa. Dawaki suka hau kan juna. Mai sulke idan ya faɗi ba ya tashi. Ruwa ya kwashe su ya yi ta buga su da bango, ya fito da su fili ya watsar a gonaki tare da tutocinsu. Muhallabu yana gaba, ya samu ya haura da 'yan tsiraru, ya tarar da mashin Tal'aza yana jiransa. Ya yi faɗa a tsaye cikin laka har aka taru a kansa. Sarki Gassanu kuwa ba takobin da ya taɓa shi. A ƙarƙashin dokinsa aka same shi.

Mutanen Hubaira suka ruga bakin ruwa, mutum da doki kowa ya kafa kai. Da suka ƙoshi suka ɗago, suka ga ganuwar Hirzana ba kowa a kanta sai tsofaffi da 'yan gadi. Kafin la'asar sun sa tsani, kafin rana ta yi ja an buɗe musu ƙofar gari daga ciki.

A kan madatsa labari ya iske Waziri. Wani barde da ya tsira ne ya hau yana jan ƙafa, laka har wuya, ya faɗa masa. Miƙdadu ya tambaye shi Sarki, ya girgiza kai. Ya tambaye shi Hani ɗan Rababu, ya ce a layin baya yake, su ruwa ya fara ci. Tsohon ya zauna a ƙasa. Bai yi kuka ba, bai yi salati da ƙarfi ba, ya dai zauna yana kallon hannuwansa har mutanen Tal'aza suka zo suka tashe shi.

Da safe aka kai shi zauren da ya shekara arba'in yana zama. Hubaira yana kan gadon Gassanu, dogo ne mai furfura a gemu, leɓunansa shi ma a tsage. An tattaro sauran manyan gari an zaunar da su a ƙasa, Alƙali Sahnunu yana cikinsu. Da Waziri ya shigo duk suka kawar da kai.

Hubaira ya ce, "Kai ne Miƙdadu. Tun ina yaro nake jin sunanka a bakin mahaifina. Ni na sa aka koro matan nan gindin ganuwa, kuma ni na ce a kai su saitin gidanka. Na bincika wa ke riƙe da mabuɗi, na bincika wane wata muke ciki. Ruwa kawai na nema a wurinka, dattijo. Ban san za ka haɗa mini da gari ba."

Miƙdadu ya ce, "Ban ba ka gari ba. Ban san suna ciki ba."

Hubaira ya ce, "Na yarda. Amma duba fuskokin nan, ka ga wanda zai yarda bayan ni?"

Bai duba ba. Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa a fitar da ni a sare kaina a bakin magudana, inda iyayen yaran nan za su gani."

Hubaira ya gyara zama. Ya ce, "Da zan yi maka, don ka fi ƙarfin wulaƙanci a wurina. Amma ka ji halin da nake ciki. Mutanena sun ƙetaro hamada, sun sha ƙishi, na kuma yi musu alkawarin kwana uku a cikin birnin nan, su yi abin da suka ga dama. Suna bakin ƙofofi yanzu, da ƙyar hakimaina suke riƙe da su. Hanya ɗaya ce zan janye alkawarin: in sallame su daga taskar gari, in ciyar da su, in nuna musu Hirzana ta zama tawa ba ganima ba. Ban san inda taska take ba, ban san rumbuna ba, ban san wanda ake ji da maganarsa a kowace unguwa ba. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san wannan duka. In ka karɓi rawani, ba gidan da za a shiga. In ka zaɓi takobi, zan ba ka, su kuma in sake su. Kai ka san lissafi."

Ya san shi kuwa. Shi ne dai lissafin da ya yi a gaban sarakuna huɗu, kuma bai taɓa fitowa daban ba. Ya tuna gidajen Hirzana da yanzu ba maza a cikinsu, kuma shi ya kwashe mazan. Ya kuma san cewa daga ranar da rawanin nan ya hau kansa, ba mai sake tambayar abin da ya kai shi madatsa. Za a ce an saye shi, a faɗa wa 'ya'ya da jikoki, a kuma jingina abin ga duk mutanen unguwar Makera har waɗanda ba a haifa ba. Mutuwa ce kaɗai za ta wanke shi, ita ce kuma ba shi da ikon ɗauka.

Ya ce, "A kawo."

Al'adar Hirzana ce Alƙali yake naɗa Waziri. Sahnunu ya taso a hankali, ya karɓi rawanin, ya tsaya a kan abokinsa yana naɗawa. Shi ma 'ya'yansa biyu suna cikin magudana. Da ya zo ɗaure ƙarshe ya sunkuyo kamar mai gyara, ya ce a hankali, "Na san ba ka sani ba, Miƙdadu. Amma kada ka ƙara zuwa gidana."

Aka yi busa, maroƙin Tal'aza ya yi kirarin da bai dace da kowa ba. Waziri ya taka ya je dama da gado, ya zauna a inda ya saba.

Hubaira ya dube shi ya ce, "To, Waziri, da me za mu fara?"

Miƙdadu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. A fara tsamo gawarwaki daga magudana. Mutanen ƙauye ruwan suke sha."